Tsakanin Celo Da Jitar Bes: Amfanin Kayan Kiɗa Mai Ruwa Biyu Ga Masu Goge A Wurno, Rabah Da Goronyo

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai goge a wurin biki ya san yadda sautinsa ke ratsa taro. Siriri ne, mai kaifi, yana bin muryar mawaƙi sau da ƙafa. A ƙarƙashinsa akwai ƙwarya ko kalangu suna riƙe da taki. Amma idan aka ɗauki wannan kiɗa da waya, sannan aka saurare shi bayan an gama sauraron waƙar situdiyo, nan take kunne zai ji akwai giɓi. Abin da babu shi ne sautin nan mai kauri da ke ƙasa, wanda ƙirji ke riga kunne ji, wato bes.

Wannan giɓi ya ci wa masu kiɗan gargajiya kasuwa. Tun daga shekarun 1990 fiyanon Yamaha na jerin PSR ya mamaye situdiyoyin Kano, kunnen matasa kuma ya saba da waƙar da ke da bes a gindinta. A bukukuwan Wurno da Rabah da Goronyo, kamar sauran garuruwan Arewa, sau da yawa mai biki ya fi son ya kira DJ da manyan sifikokinsa da ya kira mai goge ko mai kukuma. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu na fasaha ne zalla: kayan tsirkiya na Hausa ba su da babban wa mai murya mai kauri.

A wasu ƙasashe akwai wani kayan kiɗa da aka ƙera don ya zauna daidai wannan gurbi. Ruwa biyu ne, rabinsa celo, rabinsa jitar bes. Ana goga shi da baka kamar goge, ana kuma kaɗa shi da yatsa kamar garaya. Wannan maƙala za ta bayyana yadda yake aiki, fa'idojinsa, matsalolinsa, da kuma abin da mai sana'a a gabashin Sakkwato zai iya ɗauka daga gare shi ko da bai taɓa sayensa ba.

Mene ne celo, mene ne bes?

Celo babban ɗan'uwan goge ne na Turawa. Mai kaɗa shi yana zaune ne, ya jingina shi tsakanin gwiwoyinsa, ya goga tsirkiyoyinsa huɗu da baka mai gashin doki wanda aka shafa wa ƙaro. Tsawon tsirkiyarsa kusan santimita 69 ne. Mafi kaurin sautinsa na fitowa ne daga girgiza sau 65 a daƙiƙa ɗaya, wato 65 Hz, sauran tsirkiyoyin kuma suna kan 98 da 147 da 220. Allon da ake danna yatsu a kansa sumul yake, ba shi da ƙarafan gicciye, don haka yatsa na iya zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da yankewa ba.

Jitar bes kuwa 'yar zamanin lantarki ce. Kamfanin Fender na Amurka ne ya yaɗa ta a duniya da samfurin Precision Bass a 1951. Tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, kimanin santimita 86, sautukanta huɗu kuma suna kan 41 da 55 da 73 da 98 Hz. Jikinta katako ne curarre marar rami, ana rataya ta a kafaɗa, ana kaɗa ta da yatsu. Yawancinsu suna da ƙarafan gicciye a wuya, kamar matakan tsani, waɗanda ke tsayar da kowane sauti a wurinsa.

Kowanne yana da abin da ɗayan ya rasa. Celo na iya riƙe sauti ɗaya muddin baka na tafiya, ya ƙara masa ƙarfi ko ya rage, kamar numfashin mawaƙi. Amma ba ya sauka ƙasa sosai, kuma jikinsa siririn katako ne mai saurin tsagewa. Bes na sauka ƙasa, yana da bugu mai tashin rawa, yana jure wahala, sai dai da zarar an kaɗa tsirkiya sautin ya fara mutuwa ke nan.

Tsohon buri ne

Neman haɗa jita da kayan gogawa ba yau aka fara ba. A 1823 wani maƙerin jita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Johann Georg Stauffer, ya fito da wani abu da aka sa wa suna arpeggione. Tsirkiya shida gare shi, an ɗaure su irin na jita, yana da ƙarafan gicciye, amma ana riƙe shi ana goga shi kamar celo. Shahararren mai tsara kiɗa Franz Schubert ya rubuta masa kiɗa na musamman a 1824.

Masu kiɗan jaz na Amurka sun bi ta wata hanyar. Oscar Pettiford, gwanin babban bes na katako, ya karye a hannu a 1949. Yayin jinya sai ya koma kan celo saboda ya fi sauƙin riƙewa, ya sauya ɗaurin tsirkiyoyinsa zuwa irin na bes, ya riƙa kaɗa shi da yatsu. Abin ya karɓu, wasu suka bi sahunsa, ciki har da Ray Brown.

Na zamanin nan da ya fi dacewa da wannan bayani shi ne Omni Bass na kamfanin NS Design, wanda Ned Steinberger ya kafa. Da farko ma sunansa Bass Cello. Tsawon tsirkiyarsa inci 34 ne daidai da jitar bes, ta yadda hannun mai bes ba zai yi baƙunta ba, amma an lanƙwasa allon yatsunsa da jakinsa domin baka ta samu wurin shiga. Akwai mai tsirkiya huɗu, akwai mai biyar, akwai mai ƙarafan gicciye, akwai marar su. Ana iya kafa shi a kan ƙafafu uku ko a ɗaura shi a jiki. Akwai kuma GuitarViol na Jonathan Wilson a Kalifoniya, jikan arpeggione, wanda masu kiɗan fina-finan Amurka suka runguma.

Matsaloli uku da sai an warware su

Mai karatu na iya tambaya, me zai hana a ɗauki bakan goge kawai a goga wa jitar bes? An gwada, kuma akwai dalilai uku da ke sa abin ba ya tafiya daidai.

Na farko shi ne jaki, wato ɗan katakon da ke ɗage tsirkiya daga jikin kayan kiɗa. A jitar bes tsirkiyoyi huɗun kusan a jere suke kan layi ɗaya. Idan aka ɗora baka, za ta taɓa dukkansu lokaci guda, ko kuma ta gefe kaɗai za a iya samu. A celo jakin a lanƙwashe yake kamar bayan ƙwarya, kowace tsirkiya na da nata tsayi, don haka baka na iya zaɓar guda ɗaya. Dole kayan ruwa biyu ya ɗauki wannan lanƙwasa, allon yatsunsa ma ya bi ta.

Na biyu shi ne tsirkiya. Ta jitar bes da aka saba gani an naɗe ta da zagayayyar waya, tana da kaushi, tana cin gashin baka, tana kuma fitar da ƙarar kankara. Gogawa na buƙatar tsirkiyar da aka naɗe da shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai santsi.

Na uku, kuma mafi muhimmanci ga masu sha'awar lantarki, shi ne maɗaukin sauti. Jitar bes na amfani da maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ta haifar da ɗan lantarki a cikin wayar. Wannan tsari ya fi jin motsin tsirkiya idan tana kusantarsa tana nisantarsa, alhali baka na jan tsirkiya ne gefe da gefe. Ga shi kuma ba ya jin gashin doki ko leda ko kaɗan, sai ƙarfe.

Maganin shi ne fiyezo. Wani nau'in dutse ne ko tangaran da ke fitar da lantarki idan aka matsa shi, abin da 'yan'uwa biyu Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880. Shi ne ke ba da tartsatsi a wasu ƙyastun gas, shi ne kuma ɗan faifan tagullan nan da ke kuka a cikin agogon hannu. Idan aka sa shi ƙarƙashin jaki, zai ji duk wata girgiza da ta ratsa katakon, ko tsirkiyar ta ƙarfe ce ko ta gashi. NS Design sun tsara nasu, mai suna Polar, ta yadda makaɗi zai iya juya maɓalli ya zaɓi ko ya fi jin motsin gefe na gogawa, ko motsin sama da ƙasa na kaɗawa.

Fa'ida ta farko: murya biyu a jiki ɗaya

Makaɗi ɗaya na iya kaɗa da yatsu a lokacin rawa, ya ba kalangu gindin zama, sannan idan mawaƙi ya shiga baiti mai sanyi ya ɗauki baka ya shimfiɗa dogon sauti a ƙarƙashin muryarsa. A ƙungiyar da ake raba kuɗin biki tsakanin mutum biyar ko shida, aikin mutum biyu a hannun mutum ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Fa'ida ta biyu: ana jin sa a wayar hannu

Wannan ita ce fa'idar da aka fi mantawa da ita, alhali ita ce ta fi shafar mazauna karkara. Mafi yawan masu sauraro a Goronyo ko Gandi ko Achida ba a zauren kiɗa suke jin waƙa ba. A sifikar waya suke ji, ko ƙaramar rediyo mai memori, ko 'yar sifikar Bluetooth. Irin waɗannan sifikoki ƙanana ne, ba sa iya tura iskar da sautin 41 Hz ke buƙata, domin tsawon zangon wannan sauti a iska ya haura mita 8. Duk abin da ke ƙasa da 'yan ɗaruruwan Hz kusan ɓacewa yake yi.

To amma tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Akwai uwar sauti, sannan akwai 'ya'yanta da ke girgiza ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, har sama. Tsirkiyar 55 Hz na fitar da 110 da 165 da 220 da 275 da 330 duk a lokaci guda. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa, idan ta ji 'ya'yan a jere, sai ta cike gurbin uwar da kanta. Shi ya sa ake gane kaurin muryar namiji a kiran waya, duk da cewa layin tarho na asali daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai yake ɗauka, ita kuwa uwar muryar namiji tana ƙasa da haka nesa.

A nan ne gogawa ta yi wa kaɗawa fintinkau. Idan aka kaɗa tsirkiya da yatsa, 'ya'yan sautin na sama su ne ke fara mutuwa, a bar uwar ita kaɗai, wadda waya ba ta iya furtawa. Idan aka goga, baka na kama tsirkiya tana saki, tana kamawa tana saki, sau ɗaya a kowace girgiza, kamar yadda masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya bayyana a shekarun 1860. Wannan kamu da saki na ci gaba da ciyar da 'ya'yan sautin muddin baka na tafiya. Sakamakon haka, bes ɗin da aka goga yana fitowa sarai a wayar da bes ɗin da aka kaɗa zai zama kamar babu shi.

Fa'ida ta uku: yana jin Hausa

Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa. Dalilin da ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum, goge kuma ke iya maimaita baiti har mai sauraro ya gane, shi ne dukkansu suna iya zamewa tsakanin sautuka. Fiyano ba ya haka sai da dabara, domin sautukansa goma sha biyu ne a kowane zango, a daskare. Jita mai ƙarafan gicciye ma haka take.

Kayan ruwa biyu marar ƙarafan gicciye yana da 'yancin goge. Yatsa na iya tsayawa ko'ina, ya bi ɗaurin da mawaƙi ya saba da shi maimakon a tilasta wa mawaƙi bin ɗaurin fiyano. Wanda ya tashi yana sauraron kukumar Ibrahim Na Habu ko Garba Supa ko Hassan Wayam ya riga ya san irin lanƙwasar da ake nufi. Abin da ake magana a kai shi ne wannan lanƙwasar, amma da muryar dattijo.

Fa'ida ta huɗu: juriya

Maƙeran celo suna ba da shawarar a ajiye shi inda danshin iska yake tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A lokacin hunturu danshin iskar Sakkwato na sauka ƙasa da kashi 20, a watannin Maris zuwa Mayu kuma zafi na haura digiri 40. Siririn katakon celo da aka manne da gam ba ya son wannan, yana iya tsagewa ko ya ɓalle a mahaɗa. Sannan damina ta zo da nata danshin, musamman a fadamun gulbin Rima, katako ya kumbura. Kayan lantarki mai curarren jiki ba shi da wannan rauni sosai, ba shi da ƙaton ciki, ana iya goya shi a babur. Da yake babu ramin da zai tara sauti, ba ya yawan sa sifika kuka idan an ƙure ƙara, kuma ana iya koyonsa da dare da hedifon ba tare da an tashi maƙwabta ba.

Inda gizo ke saƙar

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma tarihin kayan ruwa biyu ya nuna akwai gaskiya a ciki. Arpeggione bai yi dogon zamani ba. Kiɗan da Schubert ya rubuta masa sai 1871 aka buga shi, lokacin da kayan ya riga ya ɓace, yau kuma da celo aka fi kaɗa shi. Dalili kuwa shi ne babu malamai, babu ɗalibai, babu isassun waƙoƙin da aka yi dominsa. Kayan kiɗa ba ya rayuwa da kyan ƙira kaɗai.

Ta fuskar sauti ma akwai rangwame. Tsirkiyar santimita 86 ta gaza ta babban bes na katako, wadda ke haura mita ɗaya, don haka idan an goga sautin ƙasa ba ya kai nasa cika da zurfi. Ta kuma fi ta celo tsawo, don haka yatsu sai sun buɗe sosai, gudu na raguwa. Wanda ya saba da jita zai sha wahalar koyon baka, abin da kan ɗauki watanni kafin ƙarar ta daina zama kamar ta ƙofa mai tsatsa. A nan mai goge ya riga kowa, domin hannunsa na dama ya riga ya san nauyin baka da yawan ƙaron da ya kamata.

Sai kuɗi. Ko mafi arha a cikin irin na NS Design yana kaiwa wajen dala 1,000 ko fiye, wato sama da naira miliyan ɗaya kafin a yi maganar dako da kwastan. Idan tsirkiya ta tsinke, sai an yi odar wata daga waje. Ƙaron babban bes mai laushi ne, yana narkewa idan aka bar shi a rana ko cikin mota.

Babbar matsalar kuma ita ce, kayan lantarki ba shi da murya sai da amfilifaya da sifika. Lasifikar ƙaho irin ta masu talla da masu wa'azi an yi ta ne don muryar mutum, ba ta fitar da bes. Ana buƙatar sifika mai faɗin inci 10 zuwa 15 a cikin akwati mai kyau. Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a jihar Sakkwato ba abin dogaro ba ce a garuruwan karkara, janareta kuma na da tasa illar. Wutar Nijeriya na juyawa ne sau 50 a daƙiƙa, kuma gurnanin da take sakawa a cikin waya yana faɗawa daidai tsakanin 41 da 55 Hz, wato tsakiyar tsirkiyoyin bes biyu na ƙasa. Duk wanda ya yi ƙoƙarin tace gurnanin zai tace har da kiɗan.

Mafita ita ce batir. Amfilifaya ta zamani ta ajin D ba ta ɓarnar wuta, kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ta sha yana isa sifika. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 na ɗauke da wat-awa 84. Idan amfilifaya na jan wat 20 a matsakaici, lissafi ya ba da awa huɗu, amma da yake batirin dalma na lalacewa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf, a ƙaddara awa biyu. Ƙaramin faifan sola ya isa ya cika shi da rana.

Abin da wasu suka yi da nasu na gida

Ba Hausawa kaɗai suka tarar da wannan giɓi ba. A ƙasar Sin, a shekarun 1950, Yang Yusen na makarantar kiɗa ta Shanghai ya ƙera gehu, inda ya haɗa gogen gargajiyarsu mai fatar mesa da tsirkiyoyi huɗu da allon yatsu irin na celo. Ya yi aiki, sai dai fatar na saki idan iska ta yi danshi, sauti ya canza, abin da ya sa ƙungiyoyi da yawa suka koma wa celo. Daga baya ƙungiyar kiɗan gargajiya ta Hong Kong ta maye gurbin fatar da wata leda ta musamman, ta ci gaba da amfani da shi.

A Mali, Bassekou Kouyaté ya kafa ƙungiyar Ngoni Ba da ngoni, ɗan'uwan molo da garaya, manya da ƙanana har da na bes. Faifansu na farko, Segu Blue, ya fito a 2007, daga baya kuma ya sa wa ngoninsa lantarki. A Maroko, gimbirin 'yan Gnawa mai tsirkiya uku da fatar raƙumi tun asali bes ne na gargajiya. A gida kuwa, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi aka yi cikinsa aka rufe da fata. Saka sabon abu a cikin tsohon kayan kiɗa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Yadda za a iya gwada shi a Wurno ko Goronyo

Dokar tsirkiya ɗaya ce a ko'ina. Idan aka ninka tsawonta, girgizarta na raguwa da rabi. Idan aka ƙara mata kauri da nauyi, sauti na ƙara sauka. Idan aka ƙara ɗaure ta, yana hawa. Da wannan kaɗai kafinta da mai gyaran rediyo da mai goge za su iya zama su fitar da babban goge na lantarki.

Wuyan ya zama katako mai ƙarfi da ya bushe sarai, kamar maɗaci ko ƙirya, mai tsawon da zai ba tsirkiya santimita 75 zuwa 86 tsakanin jaki da kai. A fara da tsirkiya biyu, kada a yi huɗu. Tsirkiyoyi huɗu na jitar bes na jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 85, shi ya sa ake saka mata sandar ƙarfe a ciki. Biyu sun fi sauƙin ɗauka, ba sa buƙatar lanƙwasa mai yawa a jaki, kuma sun isa ga waƙoƙin da yawancinsu kan sautuka biyar suke tafiya. Dole katakon ya zarce tun daga kai har gindi, shi ne zai ɗauki nauyin, ba ƙwarya ba. Masaki ko babbar ƙwarya na iya zama jiki don kyan gani da jingina, amma darasin gehu ya nuna gara jaki ya zauna kan katako maimakon fata, tun da fiyezo ne zai ɗauki sautin.

Tsirkiya mafi kyau ita ce ta bes mai santsi. Don gwaji, igiyar leda mai kauri irin ta masunta, wadda ba ta wuyar samu a wajen masu kamun kifi a madatsar ruwan Goronyo, na iya nuna ko ƙirar ta yi, kamar yadda masu kora da ngoni suka daɗe suna amfani da ita.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan aiki yana wajen haɗa waya. Fiyezo na da turjiya mai yawa, kuma idan aka soka shi kai tsaye a ramin amfilifaya na yau da kullum, bes ɗin ne ke fara salwanta. Misali, faifan fiyezo mai ƙarfin ajiya nanofarad 20 da aka haɗa da rami mai turjiyar om 10,000 zai fara zubar da duk sautin da ke ƙasa da kusan 800 Hz. Sai a ji abu kamar ana kaɗa gwangwani, a ɗauka ƙirar ce ba ta yi ba. Idan aka sa 'yar ƙaramar amfilifaya ta share fage mai turjiyar om miliyan ɗaya a tsakani, iyakar na sauka zuwa kusan 8 Hz, ƙasa da abin da kunne ke ji. Taransisto ɗaya na nau'in JFET, da 'yan rezisto, da batir mai bolt 9 sun isa a haɗa ta. A ajiye ta kusa da fiyezon, a yi amfani da waya mai rigar kariya, a rufe ta cikin gwangwani don kada ta kwashi gurnani.

Abin da fasaha ba za ta warware ba

Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Rabah kuma mahaifar Sardaunan Sakkwato ce, Sir Ahmadu Bello. Yanki ne na malamai da sarauta, inda kiɗan da ya samu gindin zama a fada shi ne na taushi da kotso, shi kuwa goge ya daɗe ana danganta shi da bori, malamai da dama kuma ba su yarda da kiɗan tsirkiya ba. Saka wa goge batir ba zai sauya wannan hukunci a wurin mai riƙe da shi ba. Haka nan matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato ta rage tarukan dare da tafiye-tafiyen makaɗa tsakanin ƙauyuka. Wannan ma na daga cikin abin da ke mayar da kasuwar kiɗa cikin waya da memori, inda fa'idar sautin da ƙaramar sifika ke iya furtawa ta fi bayyana.

Wa ya kamata ya nema?

Mai situdiyo a birnin Sakkwato da ke da tsayayyar wuta da abokan ciniki masu neman sabon sauti, shi ne wanda sayen na waje zai iya biya wa buƙata, in ya samu wanda zai zauna ya koyi baka. Matashin da ke son kaɗa bes a biki kawai, gara ya sayi jitar bes ta hannu, ya zuba ragowar kuɗin a sifika da batir, domin a nan ne sautin yake. Mai goge ko kukuma kuwa, matakinsa na farko bai kai ko'ina ba a tsada: faifan fiyezo ƙarƙashin jakin gogen da yake da shi, da 'yar amfilifayar share fage. Idan ya ji yadda hakan ya sauya kiɗansa, sai ya nemi kafinta su auna katakon babban.